Yadda ake duba bayanan DNA da Galaxy da IGV

Abin da na'urar karanta DNA take fitarwa fayil ne na FASTQ, mai ɗauke da miliyoyin guntaye na haruffa huɗu: A, C, G da T. Wanda bai ƙware wajen rubuta umarnin kwamfuta ba yana iya sarrafa shi da manhajoji biyu na kyauta, wato Galaxy, wadda ake aiki da ita ta intanet, da IGV, wadda aka ƙirƙira a Cibiyar Broad ta Amurka domin ganin sakamakon ido da ido.

Da farko a buɗe asusu a Galaxy a ɗora fayil ɗin. Nauyin lissafin yana kan manyan kwamfutocinsu, don haka ko ƙaramar kwamfuta ta wadatar. Idan bayanan na majiyyaci ne, kada a ɗora sai da izininsa, kuma bayan an cire sunansa. Daga nan a tantance ingancin karatun da FastQC, ɗaya daga cikin kayan aikin da ke cikin Galaxy. Maki 30 a ma'aunin Phred yana nufin ana tsammanin kuskure ɗaya cikin haruffa 1,000, kuma idan makin ya faɗi a ƙarshen guntayen, a datse su da kayan aikin Trimmomatic.

Sai a jera guntayen a kan jerin DNA na ɗan Adam da ake gwadawa da shi, wato ma'auni, ta amfani da kayan aikin BWA-MEM. A nan ne ya kamata a nutsu, domin ma'aunin yana da bugu daban-daban, akwai hg19 akwai hg38, kuma lambobin wurare sun sha bamban a tsakaninsu. Wanda aka zaɓa a Galaxy shi za a zaɓa a IGV, in ba haka ba allon zai cika da launukan da ba su nuna komai sai kuskure. A sauke fayil ɗin BAM, mai ɗauke da guntayen da aka jera, tare da abokinsa BAI, a ajiye su wuri guda, sannan a buɗe BAM ɗin a IGV.

Mu ɗauki misalin sikila, wadda ta addabi iyalai da yawa a ƙasar Hausa. A rubuta HBB, sunan ƙwayar gadon da sikila ta shafa, a akwatin bincike na IGV, manhajar za ta kai mutum kiromosom na 11, sannan a matso kusa zuwa lamba 5,227,002 a hg38. Guntayen da suka dace da ma'auni suna fitowa da ruwan toka, harafin da ya saɓa kuwa yana ɗaukar launi: A kore, T ja, C shuɗi. A darasi ana cewa GAG ne ya koma GTG, amma a allon za a ga T ta koma A, saboda DNA igiya biyu ce, kuma ana karanta HBB ne daga ɗaya igiyar, ba wadda allon ke nunawa ba. Idan kusan rabin guntayen suna da A, alamar AS ce. Idan kusan dukkansu ne, alamar SS ce.

A ganina bai dace a amince da wani sauyi ba sai an ƙirga guntayen da suka rufe wurin, wanda danna layin da ke saman guntayen a IGV zai nuna. Guntaye biyar ba hujja ba ne, yawanci ana son kusan 30. A kuma duba ko sauyin ya bayyana a guntayen da suka fuskanci dama da hagu, domin wanda ya fito ta fuska ɗaya kawai sau da yawa kuskuren na'ura ne. Kafin a sanar da iyali komai, a tabbatar da sakamakon da gwajin jini a asibiti.