Kurakuran da ake yi wajen yi wa sunan shafin intanet kuɗi

Kuskuren da ya fi cin masu saye da sayar da sunayen shafuka shi ne ɗaukar kuɗin da mai suna ya yanka a matsayin darajar sunan. Shiga Sedo ko Afternic, kasuwannin sayar da sunayen shafuka, za ka tarar da suna an liƙa masa dala dubu hamsin, ya shekara da shekaru ba wanda ya ko taya. Burin mai shi ke nan kawai. Abin dubawa shi ne nawa aka biya a kan makamantansa, kuma shafin NameBio na ajiye tarihin cinikin da aka kammala. Nemo sunayen da suka yi daidai da naka a tsawo da wutsiya (wato ƙarshen suna, kamar .com) da irin harka, waɗanda aka sayar kwanan nan, sannan ka yanke farashi.

Manyan labarai ma suna ruɗar mutane. An sayar da voice.com dala miliyan 30 a 2019, Facebook kuma ya biya dala miliyan 8.5 a kan fb.com a 2010. Sai mutum ya ji haka ya kwashi sunaye barkatai. Ya manta cewa Facebook ya biya ne domin haruffan nan biyu su ne gajeren sunansa, ga shi kuma da kuɗin. Kafin ka saya, ɗauki takarda ka rubuta kamfanonin da za su buƙaci sunan nan da gaske. In takardar ta tashi fayau, to 'yan kasuwa irinka ne kaɗai za su taya, su kuwa farashin sari suke biya. A ganina wannan gwaji ya fi duk wata manhajar ƙiyasi, irin su EstiBot ko ta GoDaddy. Lissafin inji ne, yana da amfani wajen tace tarin sunaye, amma inji ba ya sayen komai.

Wutsiya tana da nauyi: suna a .com yakan ninka takwaransa na .net ko .xyz sau da yawa. Ka kuma faɗa wa mutum sunan ta waya. In sai ka yi masa bayanin inda lamba ko ɗan layi yake, darajar ta ragu.

Sunan da ya ɗauko tambarin wani kamfani, ka guje shi ko da kyauta ne. Tun 1999 akwai tsarin UDRP na ICANN, hukumar da ke kula da sunayen shafukan intanet, wanda mai tambari zai kai ƙara a ƙwace sunan, kuɗinka ya bi ruwa. Tsohon suna kuma a duba tarihinsa a Wayback Machine, ma'ajiyar tsofaffin shafukan intanet, kada ka gaji shafin da aka yi damfara da shi.

Sai kuɗin sabuntawa, wanda ake biya kowace shekara. Mai sunaye ɗari biyu da ke sayar da biyu ko uku a shekara, dole ribar waɗannan ta ɗauki nauyin sauran. Wanda ba a taɓa tayawa ba, kuma ba ka iya faɗin mai sayensa, ka sake shi idan wa'adinsa ya cika.