Darasi Na Bakwai: Fashin Makaranta

Sa yaro a makaranta aikin rana ɗaya ne. Ganin ya je kullum kuwa, wannan aikin shekara da shekaru ne, kuma a wuyan iyaye yake.

A Najeriya, dokar ilimin bai ɗaya (UBE) ta shekarar 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9 kyauta: 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare. Sai dai shigar sunan yaro cikin rajista ba ta koya masa ko baƙi ɗaya.

Mu yi lissafi tare. Shekarar karatu zango 3 ce, kowane zango yana kai mako 12 ko fiye. A ce duk ranar kasuwa ana riƙe yarinya ta kai tallar dafaffiyar gyaɗa. Kwana 1 a mako ya zama kwana 12 a zango, kwana 36 a shekara. Kwana 5 ake zuwa makaranta a mako. Ke nan ta rasa fiye da mako 7, ba a ma sa kwanakin biki, da na girbi, da na zazzaɓi ba.

Darasi kan darasi yake hawa. Ranar Litinin malam ya koyar da ɗebewa mai aro: 42 a cire 17. Ya nuna yadda 2 ba ta isa a cire mata 7 ba, sai an aro goma daga maƙwabciyarta. Yarinyarmu tana kasuwa. Ranar Talata ta dawo ta tarar an wuce wurin. Aji ya cika maƙil, malam ba zai koma baya saboda mutum ɗaya ba. Sai ta lallaɓa bencin baya, tana leƙen littafin ƙawarta tana kwafa. Kafin zango ya ƙare ta fara cewa ba ta son makaranta, a gida kuma a ce ba ta da kai. Kai kam tana da shi, kwanakinta aka cinye. Ku ma kun san yadda kuke ji a wannan aji in kun yi fashi kun dawo.

Uwar takan ce, "Malam, ai kwana ɗaya ne kawai. Da kuɗin tallar nake haɗa mata kayan ɗaki."

Uzurin gaskiya ne, ba a raina shi. Amma firamare da rana ake tashi, ana iya ɗaga tallar zuwa bayan azahar, ko Asabar da Lahadi. Aikin gona ma haka.

Ga hanya mai sauƙi ta gane ko yaro yana isa aji. Buɗe littafin rubutunsa da yamma, ka duba saman shafi. Akwai kwanan watan yau? Malam ya sa jan biro? Wani yaron yakan fita da jaka da safe ya ƙare a gidan kallon ƙwallo. Idan kuma ba shi da lafiya, a aika wa malamin aji, a aro littafin abokinsa ya kwafi abin da ya wuce shi. Matsalar da ta fi ƙarfinka, kamar rashin kayan makaranta, ka kai ta ga hedimasta ko kwamitin iyaye da malamai.

Aikin gida: Yaro ya yi fashin kwana 2 kowane mako har mako 12. Kwana nawa ya rasa? Rubuta amsar, sannan ka duba littafin ɗanka ka rubuta kwanan watan aikinsa na ƙarshe.