Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a kundin binciken tsatsar ruwan teku

Duk kundin da aka kawo mini a kan tsatsar ƙarfe a ruwan teku, babi na uku nake fara buɗewa in ga da wane ruwa aka yi gwajin. Galibi a nan gizo ke saƙar.

Ɗalibi yana Zariya ko Kano, teku tana can Legas. Sai ya auna gishiri giram 35, ya narkar a ruwa lita ɗaya, ya tsoma ƙarfe, ya rubuta a taken kundinsa cewa ya yi nazari a "ruwan teku". Gaskiya ne gishirin teku ya kai kusan kashi 3.5 cikin ɗari, amma ba gishirin miya kaɗai ke cikinta ba. Akwai magnesiyam da kalsiyam da salfet, ga igiyar ruwa tana ta kawo iskar oksijin, ga ƙwayoyin bakteriya da ke manne wa ƙarfe su canza yadda tsatsa ke cinsa. Babu laifi ka yi gwaji da ruwan gishiri, muddin ka kira shi da sunansa tun daga take har zuwa babin ƙarshe. In kuwa kana son abin da ya fi kusa da teku, haɗa ruwan bisa ƙa'idar D1141 ta ASTM, ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwaji, sannan ka faɗa a fili cewa babu mai rai a cikinsa. Wanda ya ɗebo ruwa a gindin gadar Third Mainland shi ma ya lura: ruwan tafkin Legas gauraye ne da na koguna, gishirinsa kuma yana raguwa da damina. Rubuta wurin da ka ɗebo, da watan, da zafin ruwan.

Ƙanin wannan kuskure shi ne na masu ganye. A jiƙa darbejiya ko zogale, a gwada ko ruwan zai hana ƙarfe tsatsa a cikin asid na 'yan sa'o'i, a samu sakamako mai kyau, sai babi na biyar ya ba kamfanonin mai shawara su yi amfani da shi a bututun da ke ƙarƙashin teku. Ina asid, ina teku? Yadda ƙarfe ke lalacewa a cikin asid daban yake da na ruwan teku, wanda ma'aunin tsaminsa (pH) ke wajen 8. Shawararka ta tsaya inda gwajinka ya tsaya.

Sai awon nauyi, wanda kowa ke ɗauka aikin yara ne. Ɗalibi ya ciro ƙarfe ya auna da tsatsar a jikinsa, ko ya kankare shi da ƙarfin tsiya har ya tafi da lafiyayyen ƙarfe. Yadda ake wankewa yana cikin ASTM G1. Bi shi, ka kuma rubuta cewa ka bi. Samfur ɗaya ba ya zama hujja, sa aƙalla uku ka nuna tazarar da ke tsakaninsu. Abin da ya fi ba ni ciwon kai shi ne gwajin kwana bakwai da aka ninka ya zama lissafin shekara. Tsatsa kan yi sauri a farko, sannan ta lafa idan ɓawonta ya rufe ƙarfen, don haka alƙaluman mako guda sukan zuzuta abin. Ƙarfe na gama-gari da ke nutse a teku mai natsuwa kan ci wajen milimita 0.1 a shekara. In naka ya ninka wannan sau goma, sai ka yi bayani. Awon nauyi kuma ba ya ganin rami. Ƙarfen da ake ce wa ba ya tsatsa, samfurin 304, yana iya hujewa a ruwan teku alhali sikeli bai nuna komai ba. Auna zurfin ramin, ka sa hoto.

Ƙananan abubuwa kuma: kar ka cakuɗa mm/y (milimita a shekara) da mpy (ɗaya bisa dubu na inci a shekara) a tebur ɗaya, domin mpy ɗaya milimita 0.0254 ne kawai a shekara. In ka ba da alƙaluman lantarki, faɗi da wace sandar ma'auni ka auna su.

Gabatarwa kam, kusan kowa da dala tiriliyan 2.5 yake buɗewa, wato ƙiyasin da ƙungiyar injiniyoyin tsatsa ta NACE ta fitar a 2016 na asarar da tsatsa ke jawo wa duniya a shekara. Ba ƙarya ba ne, amma mai jarrabawa ya gaji da ganinsa. Fara da matsalarka: wane ƙarfe, a wane wuri? Ginshiƙin tashar jiragen ruwa ya fi ciwuwa a daidai inda igiyar ruwa ke fantsama, ba a can ƙasan ruwa ba.

Kar kuma ka ɓoye sakamakon da bai yi maka daɗi ba. A 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya liƙa tutiya da ƙarfe a jikin jan ƙarfen da ake lulluɓe jiragen sojan ruwan Ingila da shi, don hana shi tsatsa. Tsatsar ta tsaya cak, sai dai ciyawar teku da ƙananan halittu suka mamaye gindin jiragen, domin narkewar jan ƙarfen ce dama ke korarsu. In fentin da ka gwada ya hana tsatsa amma ya ɓare a mako na shida, ɓarewar ma ta shiga tebur, da ranar da ka fara ganinta.