Yadda Ake Magance Ciwon Tafin Ƙafar Zomo Da Hana Shi Dawowa

Yawancin masu sabon kiwon zomo a nan Sakkwato ba sa gane ƙafar dabbarsu ta lalace sai sun ga jini a kan ragar keji. Zomo ba shi da tsokar tafin ƙafa irin ta kyanwa ko kare. Gashi mai kauri ne kawai tsakanin fatarsa da ƙasa, in ya zube kuma, fata ce za ta riƙa gogar waya dare da rana.

Fara da dubawa. Naɗe zomon a tawul, hannu ɗaya a ƙirji, ɗaya ya tallafi gindi. Kada ka ɗaga shi ta kunne, in ya yi harbi da ƙarfi yana iya karya ƙashin bayansa. Buɗa gashin dunduniyar baya da yatsa. Ƙaramar kanta busasshiya, wato ɗan wurin da fata ta yi tauri, ba abin tashin hankali ba ce. In fatar ta yi ja tana sheƙi, ciwo ya soma. In akwai ɓawo, kumburi ko mugunya, ya yi nisa.

Mataki na biyu shi ne ƙasan kejin, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Na sha ganin mutum ya sayi magani mai tsada, ya shafa da kyau, sannan ya mayar da zomon kan wayar da ta ji masa ciwon. Har abada ba zai warke ba. Shimfiɗa katako mai santsi ya rufe aƙalla rabin kejin, ka zuba busasshiyar ciyawa a kai, mai kaurin da in ka danna da tafin hannu ba za ka ji katakon ba. Siminti tsirara ma bai fi waya ba. Ni tabarmar kaba na fi so a ƙarƙashin ciyawar: tana da araha, in ya gaigaye ta babu komai, in ta jiƙe a yar a sa wata. Buhun leda da kafet, a'a.

Sai batun jiƙa. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, mutane kan kwara ruwa a ƙasan keji don tausayi. Zomon ya wuni a kan laima da fitsari, fatar ta yi laushi ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu hanya. Maimakon haka, ajiye ƙaramar randa cike da ruwa a cikin kejin ya jingina da ita, ko gorar ruwa mai ƙanƙara in wuta ta samu. Zomo kusurwa ɗaya yake zaɓa ya yi fitsari, to wannan kusurwar a kwashe ta kullum, ba sai ranar Juma'a ba. Da damina kuwa sau biyu a rana, saboda ƙuda na yin ƙwai a kan gyambo, tsutsa ta fito cikin kwana guda.

Yanzu wankin ciwo. Tafasa ruwa rabin lita, wato kimanin leda ɗaya, ka zuba ƙaramin cokalin gishiri, ka bari ya huce. Goga da auduga a hankali, ka tsane sarai. Aidin da aka sirka da ruwa har ya yi kalar shayi marar kauri ma yana yi. Kada ka aske gashin da ke kewaye, shi ne kariyar da ta rage masa. Ban da baƙin mai, ban da toka, ban da man ƙaiƙayin fata na mutane, domin da yawansu na ɗauke da sinadarin da ke raunana garkuwar jikin zomo.

Babban kashedi: kada ka fasa kafson Ampiclox ko amoksisilin ka ɗura masa. Dangin fenisilin ta baki suna kashe ƙwayoyin da ke narka masa abinci a hanji, gudawa ta kwashe shi. In akwai mugunya, ko yana ɗingishi, ko ya daina cin harawa, kai shi asibitin dabbobi. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da asibitin koyarwa na dabbobi a nan garin. Mugunyar zomo kauri gare ta, ba ta tsiyaya da kanta, kuma in ciwon ya kai ƙashi da wuya a shawo kansa. Bandeji ma likita ya nuna maka ɗaurinsa, don in ya matse yatsu za su kumbura.

Sauran masu sauƙi ne. Yanke farce kusan duk wata, ka tsaya kafin jan jijiyar da ke ciki, domin dogon farce na tura nauyin jiki zuwa dunduniya. Rage dusa, ƙara ciyawa, zomo mai ƙiba ya fi saurin kamuwa. Ka sake shi ya yi tsalle a inuwar tsakar gida da yamma, kuma ka juya ƙafafun ka duba duk mako, ko da gashin ya dawo.