Darasi na 7: Fatar akuya da fatar tunkiya

Baduku ba ya sayen fata da ido kaɗai. Sai ya taɓa, ya ja, ya lanƙwasa. Kai ma ka koyi haka.

Ɗauki jemammiyar fatar akuya. Shafa bayanta, wato wajen da gashi yake a da. Za ka ji ɗan gurje-gurje kamar tsaba ƙanana. Ja ta da hannu biyu. Ba ta miƙewa sosai, kuma ba ta yagewa da wuri. Shi ya sa ake ɗinka takalmi, da jaka, da gafaka, da kube da ita. Zare yana kama ta, ɗinki ba ya ɓarkewa. Wadda ta fi daraja ita ce fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi. A da fatake suna ƙetare Sahara da ita, daga can ta isa Turai. Turawa suka riƙa ce mata fatar Maroko, alhali tamu ce.

Fatar tunkiya ta fi laushi, ta fi maiƙo. In ka ja ta sai ta biyo hannunka. Tana da daɗin taɓawa, amma in an wahalar da ita samanta yakan saɓule. Ta dace da shafin cikin jaka da ƙananan kayan ado. In an bar gashinta, buzu ke nan. Ni dai ba na ba ɗalibi shawarar ya yi maɗaurin takalmi da ita, don ba zai yi ƙarko ba.

Dukansu da bagaruwa ake jeme su, kamar yadda majema ke yi a Ƙofar Wambai ta Kano. Jan launi kuwa daga karan dafi, wato wata irin dawa, ake samunsa.

Kafin ka biya kuɗi, ɗaga fatar ka dubi rana ta cikinta. Inda haske ya ratso, wuƙa ce ta ci wurin lokacin fiɗa. Nan za ta fara hujewa. Duba tabon ƙaya da na kaska ma.

Aiki: Je wurin baduku mafi kusa da kai. Roƙi guntun fatar akuya da na tunkiya. Rufe ido ka taɓa su, ka faɗi wace ce wace. Sannan ka rubuta kalmomin nan a littafinka: fata, jima, majemi, baduku, bagaruwa.