Yadda Ake Kiwon Kurungu a Akwatin Gilashi

Kurungu mai ɗigo-ɗigo kifin dare ne, saboda haka duk mai son ajiye shi a Katsina ya fara tanadar masa maɓoya, kamar fasasshiyar tukunyar ƙasa, a kan yashi mai laushi wanda ba zai kurje masa gashin baki ba. A bar ruwan famfo ya kwana kafin a zuba, sannan a riƙa sauya rubu'insa duk mako. Da hunturu, a kula kada ɗumin ruwan ya gaza digiri 23. A ba shi tana bayan magariba. Ni ba na kama shi da raga, domin ƙayoyinsa kan sarƙe a ciki su ji masa rauni; kwanon roba ya fi.