Yadda Ake Bibiyar Ƙudurin Doka a Majalisar Dattawan Jiha a Amurka

Jihohi 49 daga cikin 50 na Amurka suna da majalisa biyu, ta wakilai da ta dattawa. Nebraska ce kaɗai ke da majalisa ɗaya tun 1937, kuma ko ita ana kiran 'ya'yanta sanatoci. Idan wani ƙuduri ya shafi sana'arka ko makarantar 'ya'yanka, fara da gano sanatan mazaɓarka ta hanyar saka adireshinka a shafin intanet na majalisar, domin tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 ana yanka mazaɓun sanatoci ne bisa yawan jama'a, kuma sanata ya fi kasa kunne ga wanda ƙuri'arsa ke iya kayar da shi.

Daga nan sai ka nemi lambar ƙudurin. A jihohi da dama, wanda aka fara gabatarwa a majalisar dattawa yana ɗauke da harufan SB, kuma da wannan lamba za ka ga kwamitin da aka miƙa wa shi. A nan ne ya kamata ka zuba ƙarfinka, saboda yawancin ƙudurori a kwamiti suke mutuwa, ba su ko kai zauren majalisa ba, sau da yawa don kawai shugaban kwamitin bai sa musu ranar sauraro ba. Idan an sa rana, rubuta sunanka cikin masu ba da bahasi, ka shirya jawabin da bai wuce minti biyu ko uku ba, ka ambaci lambar ƙudurin da matsayinka tun a jimlar farko, sannan ka kawo misali guda daga rayuwarka. Rubutaccen bayani ma ana karɓa ga wanda ba zai samu halarta ba.

Kula da lokaci sosai. Misali, majalisar dattawan Texas, mai sanatoci 31, tana zaman da ta saba ne sau ɗaya a shekara biyu, na kwana 140, kuma mataimakin gwamna ne ke raba ƙudurori ga kwamitoci, don haka ofishinsa ma wurin kai kuka ne.

Ko majalisar dattawa ta amince, sai ɗaya majalisar ta amince da rubutu iri ɗaya, in kuwa an sami saɓani a kafa kwamitin daidaitawa. Gwamna na iya hawa kujerar naƙi, kuma a yawancin jihohi sai da ƙuri'ar kashi biyu cikin uku na kowace majalisa ake ture wannan naƙi, saboda haka ci gaba da duba shafin har ranar da aka rattaba hannu.